Elvis Presley: Yaron Da Ya Yi Karatu Da Kunne

Jama'ar Kwaleji, malamai da ɗalibai, tarihin da za mu kawo muku a wannan fitowa na wani mawaƙi ne na ƙasar Amurka, sunansa Elvis Presley. Ya rasu tun 1977, amma har wa yau da wuya ka sami ƙasar da ba a taɓa jin sunansa ba. Galibin masu ba da labarinsa sun fi son zancen dukiyarsa, da motocinsa, da yadda 'yan mata kan yi ta kururuwa in ya hau dandali. Mu kuwa abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ƙuruciyarsa, watau shekarun da ya yi yana ɗan makaranta, ba shi da kome sai kunne da son kiɗa. A cikin shekarun nan ne wata malama ta auna shi, ta yanke cewa ba shi da baiwar waƙa. Duk wanda ke shirin riƙe alli ya kamata ya san yadda aka yi haka ta faru.

Haihuwarsa Da Gidansu

An haifi Elvis ran 8 ga Janairu, 1935, a wani ƙaramin gari da a ke kira Tupelo, cikin jihar Misisipi, can kudancin Amurka. Tagwaye uwarsa ta haifa, amma ɗan'uwansa, wanda ya riga shi fitowa, bai zo da rai ba. Daga nan kuwa ba ta ƙara haihuwa ba. Saboda haka Elvis ya tashi shi kaɗai gun iyayensa, uwarsa Gladys ba ta ko son ya yi nisa da ita.

Ubansa Vernon talaka ne futuk, yau aiki nan, gobe can. Gidan da aka haifi yaron ɗaki biyu ne na katako, uban ne ya gina da hannunsa da kuɗin rance. A 1938 aka kama Vernon da laifin canja adadin kuɗi a kan takardar banki, aka ɗaure shi wata takwas. Kafin ya fito gidan ya kuɓuce musu, Gladys da ɗanta suka koma zaman raɓe wajen dangi.

Iyayen Kirista ne masu yawan zuwa coci, cocinsu kuwa irin wanda a ke waƙa da ƙarfi ne, a na tafi, a na rangaji. Nan kunnen yaron ya fara buɗewa. Ran Asabar da dare kuma su kan zauna kusa da rediyo su ji shirin Grand Ole Opry daga birnin Nashbil, inda a ke kiɗan ƙauye na Turawan kudu, wanda su ke kira kantiri.

Ya shiga makaranta a 1941. Malamansa ba su ga wani abin a zo a gani ba game da karatunsa, ɗalibi ne na tsaka-tsaki. Amma wata rana, yana da shekara goma, ya yi wata waƙa mai suna Old Shep a taron safe, labarin wani yaro da karensa. Malamarsa ta ji, ta tsaya, ta ƙarfafa masa gwiwa ya shiga gasar waƙa da a ke yi a bikin nunin amfanin gona na garin. Ran 3 ga Oktoba, 1945, aka ɗora shi bisa kujera don bakinsa ya kai ga abin magana, ya rera waƙar. Bai ci na ɗaya ba, na biyar ya zo. Ku riƙe wannan malama a zuciya, don za mu gamu da wata nan gaba mu gwada su.

Da ya cika shekara goma sha ɗaya aka saya masa molon Turawa, watau jita. Kawunansa biyu da wani fasto suka nuna masa yadda a ke ɗora yatsu. Ya riƙa zuwa da ita makaranta kullum, in an tashi cin abincin rana ya koma gefe yana kaɗawa. Yara suka yi ta yi masa ba'a, wai ɗan matsiyata mai kiɗan ƙauye. Wata rana ma waɗansu shaƙiyyai suka tsinke masa tsirkiyoyin jitar, sai waɗansu 'yan ajin suka yi karo-karo suka saya masa sababbi.

Akwai wani mawaƙi, Mississippi Slim, mai shiri a gidan rediyon garin. Elvis ya ɗauke shi tamkar sarki. Ya kan je gidan rediyon ya zauna yana kallonsa, har mutumin ya koya masa waɗansu dabarun kiɗa, ya kuma ba shi dama ya yi waƙa a shirin. Karo na fari tsoro ya kama shi, ya kasa buɗe baki. Da mako ya kewayo ya komo, ya yi.

Yadda Yaro Ke Samun Kiɗa A Zamanin

A watan Nuwamba, 1948, talauci ya kori gidan daga Tupelo. Suka ɗaure 'yan komatsansu a tsohuwar mota, suka nufi birnin Memfis na jihar Tenesi, tafiyar wajen mil ɗari. Sun yi kusan shekara suna haya ɗaki guda, kana suka sami wuri a gidajen da hukuma ta gina don talakawa, waɗanda a ke kira Lauderdale Courts. Sa'ad da suka bar Tupelo Elvis yana da shekara goma sha uku.

To, a nan sai mu ɗan dakata mu bayyana wa ƙanana daga cikinmu yadda al'amarin kiɗa ya ke a lokacin. Yau wanda ke son waƙa sai ya taɓa wayarsa, ta zo masa nan take, ya maimaita ta sau ɗari in ya so. A 1948 babu wannan. Hanyar farko rediyo ce, ita kuwa ƙaton akwati ce da a ke ajiyewa a ɗaki, sai an kunna ta ta ɗau zafi kana ta yi magana. Ƙaramar rediyo ta aljihu ba ta shiga kasuwa ba sai ƙarshen 1954. Abin da mai shiri ya ga dama shi za ka ji. In waƙar da ka ke so ta wuce, ta wuce ke nan, sai ka yi ta jira ko za a sake sa ta gobe. Saboda haka mai son kiɗa dole ya kasa kunne da gaske, ya hardace kalmomi da karin murya tun a ji na fari ko na biyu.

Hanya ta biyu faifan garmaho, irin wanda kakanninmu suka sani. Faifai ne baƙi mai nauyi, yana juyawa sau 78 a minti, kowane gefe waƙa guda ce ta wajen minti uku. In ya faɗi ya fashe, in an cika sa shi ya goge ya riƙa ƙara. A 1949 kamfanin RCA ya fito da ƙaramin faifai mai juyi 45, wanda ya fi sauƙin riƙewa, shi ne daga baya ya zama abin da samari ke tarawa. Amma ɗan talaka ina ya ga kuɗin faifai kullum? Sai dai akwai sauƙi guda. Kantunan sayar da faifai su kan keɓe 'yan akurkin ɗakuna inda mai ciniki zai shiga ya ji faifan kafin ya saya. Elvis ya zama ɗan gida a irin kantunan nan. Akwai kuma wani akwatin kiɗa da a ke ajiyewa a shagunan abinci, in ka jefa santi biyar ka danna, ya zaɓo faifan ya sa maka.

Hanya ta uku ita ce ka tafi da ƙafarka inda a ke yi. Sau ɗaya a wata a kan yi waƙoƙin coci dare farai a babban zauren taro na Ellis. Mawaƙa huɗu-huɗu ke hawa, kowa da irin muryarsa, daga siririya har mai kauri. Elvis ba ya fashi. Waɗanda ya fi so su ne Statesmen, musamman mawaƙinsu Jake Hess, da kuma Blackwood Brothers. Ya kan zauna yana lura da yadda su ke jan numfashi, da yadda su ke karkaɗa ƙafa, da irin rigunan da su ke sawa.

Wani abu kuma da ya kamata a sani, kudancin Amurka a lokacin ƙasar wariya ce. Doka ta raba farar fata da baƙar fata a makaranta, da mota, da wurin cin abinci, har da famfon shan ruwa. Amma doka ba ta iya raba iska ba. A watan Oktoba, 1948, 'yan makonni kafin su Elvis su iso, wani gidan rediyo na Memfis mai suna WDIA ya ba wani baƙar fata shiri. Sunansa Nat D. Williams, kuma malamin makarantar sakandare ne. Shirin ya karɓu ƙwarai, har a 1949 gidan rediyon ya mai da dukan shirye-shiryensa don baƙar fata, shi ne na farko da ya yi haka a Amurka. B. B. King da Rufus Thomas duk sun yi aiki a can. Da dare kuma wani Bature mai surutu kamar aku, Dewey Phillips, ya kan yi shiri a gidan rediyon WHBQ, yana cakuɗa faifan baƙi da na farare yadda ya ga dama.

Ta haka yaron da doka ta hana shi zama aji ɗaya da baƙar fata ya riƙa kwana da muryoyinsu a kunnensa. Ya ji waƙoƙinsu na kukan zuci da a ke kira blues, ya ji Arthur Crudup, ya ji Sister Rosetta Tharpe mai waƙar coci da jita. In ya murɗa rediyon kaɗan kuma ya faɗa kan Hank Snow, wanda ya hardace waƙoƙinsa kakaf, ko Roy Acuff, ko Dean Martin, ko Mario Lanza mai muryar waƙar Italiya. Shi duk ɗaya ne a wurinsa, in dai da daɗi. Bai taɓa koyon karanta rubutun kiɗa ba har ya mutu. Abin da kunne ya kama shi ya ke ajiyewa.

Malamar Kiɗa

Makarantar da aka sa shi a Memfis sunanta Humes, ta farar fata ce zalla. A aji takwas akwai darasin kiɗa. Da aka yi sakamako sai malamar ta ba shi C, watau makin tsaka-tsaki, ta kuma gaya masa ba shi da baiwar waƙa. Yaron nan mai kunya, wanda ko tambaya ba ya yi a aji, abin ya yi masa zafi. Sai ya zo da jitarsa, ya tsaya gaban aji ya rera wata waƙa da ke tashe a rediyo, don ya nuna mata ya iya. Ya ce mata ai irin waƙarsa ce ba ta so. Wata 'yar ajin ta ba da labari daga baya cewa malamar ta yarda da wannan magana, irin waƙarsa ce ba ta yi mata ba. Maganar ta tsaya nan.

Kada mu yi saurin zagin wannan malama. An ba ta manhaja, ta bi. Kiɗan da aka horar da ita a kansa shi ne na rubuce, na Turai, mai ƙa'idodi, da shi kuwa ta auna yaron. Abin da ya kuɓuce mata shi ne, yaron da ke gabanta ya riga ya yi shekaru yana wani karatu mai zurfi a waje, ba wanda ya sa shi, ba wanda ke duba shi. Ta tambaye shi abin da bai sani ba, ba ta tambaye shi abin da ya sani ba. Malamar Tupelo kuwa, wadda ta ji shi a taron safe, ba ta koya masa ko ɗigo na kiɗa ba. Iyakar abin da ta yi, ta saurara, ta ce masa je ka gwada.

Bayan wannan Elvis ya daɗe ba ya son waƙa a fili. Sai da dare, shi da waɗansu samarin unguwa, su kan taru a tsakar gidajen ko a ɗakin wanki na ƙasa su yi ta kiɗa. A 1950 wani maƙwabcinsu da ya ɗan girme shi ya riƙa koya masa jita sosai. A shekaran nan kuma ya sami aiki a gidan silima na Loew's, yana nuna wa mutane wurin zama da tocila, ya kuma yi aiki a masana'antu don ya taimaki gida.

Son kiɗa ba ya tsayawa a kunne, sai ya fito a jiki. Elvis ya tara saje, ya riƙa shafe gashinsa da man fure da basilin yana tayar da shi sama, alhali sauran samarin makarantar duk aski su ke yi ƙasa-ƙasa. Ya kan tafi titin Beale, cibiyar kiɗan baƙar fata a Memfis, ya tsaya bakin kantin Lansky yana kallon riguna masu launi ta cikin gilashi, irin waɗanda mawaƙa ke saye. Da ya kai ajin ƙarshe, da ɗan abin da ya ke samu, shi ma ya fara sa su. 'Yan makaranta suka ɗauke shi wani bambaraƙwai.

A watan Afrilu, 1953, saura wata biyu ya gama, aka yi wasan shekara na makarantar. Elvis ya daure ya sa sunansa. Da yawa ba su ma san yana waƙa ba. Ya hau da jitarsa ya rera, zauren ya ɗauki tafi. Tun daga ran nan waɗanda ke yi masa dariya suka koma neman abota da shi. Ya gama makaranta a watan Yuni.

Faifan Dala Huɗu

A titin Union, lamba 706, akwai wani ɗan ɗakin ɗaukar murya na wani mutum mai suna Sam Phillips. Shi ba dangin Dewey ba ne, suna ne ya zo ɗaya. Tun 1950 ya ke ɗaukar mawaƙa baƙar fata irin su B. B. King da Howlin' Wolf, ya kuma kafa kamfanin faifai mai suna Sun. Don ya sami na cefane, ya kan bar kowa ya shigo ya biya a yanka masa faifai guda na muryarsa. Cikin bazarar 1953 Elvis ya shiga, ya biya wajen dala huɗu, ya yi waƙa biyu, ɗaya sunanta My Happiness. Matar da ke kula da ofishin, Marion Keisker, ta ji wani abu a muryar, ta rubuta sunansa ta ajiye. Faifan nan ya kai shi gidan wani abokinsa ya bar shi can. A watan Janairu, 2015, aka yi gwanjonsa a kan dala 300,000.

Amma a lokacin shiru ka ke ji. Ya sake zuwa a Janairu, 1954, ba abin da ya biyo baya. Ya nemi shiga wata ƙungiyar mawaƙan coci, suka ƙi shi. Ya gwada wata ƙungiyar kiɗa, shugabanta ya ba shi shawara ya riƙe tuƙin mota, don a lokacin ya sami aikin jan motar kaya a wani kamfanin lantarki. Ran 30 ga Yuni kuma jirgin sama ya faɗi da biyu daga cikin Blackwood Brothers, suka mutu. Elvis ya je jana'izarsu, ya yi baƙin ciki kamar an yi masa rasuwa a gida.

Kwana biyar bayan haɗarin, ran 5 ga Yuli, 1954, Sam Phillips ya haɗa shi da makaɗa biyu, Scotty Moore mai jita, da Bill Black mai ƙaton molo da a ke kaɗawa a tsaye. Suka yi ta gwada waƙoƙi masu sanyi har dare ya yi nisa, ba wadda ta yi armashi. Suna hutawa, sai Elvis ya ɗau jita da wasa ya kama wata tsohuwar waƙar Arthur Crudup ta 1946, That's All Right, yana yi da sauri yana tsalle. Makaɗan suka bi shi. Sam Phillips ya leƙo, ya ce su koma daga farko, ya kunna na'ura. Ya yi mamakin yadda yaro farar fata ɗan shekara goma sha tara ya san wannan waƙa. Mu da muka bi ƙuruciyarsa mun san inda ya samo ta.

Bayan kwana uku Dewey Phillips ya sa faifan a shirinsa. Kunya ta sa Elvis ya gudu silima ya ɓuya. Mutane suka yi ta buga waya, Dewey ya yi ta maimaita waƙar, har aka aika iyayen su nemo shi. Da aka kawo shi Dewey ya tambaye shi wace makaranta ya yi. Da gangan ya yi tambayar, don masu ji da yawa sun zaci baƙar fata ne, da an ce Humes kuwa kowa ya gane. Sa'ad da faifan ya fita kasuwa, a ɗaya gefen sun sa waƙar Bill Monroe ta kantiri. Gefe guda na baƙi, gefe guda na farare, daidai yadda ya ke jin su a rediyon ɗakinsu.

Ɗaukaka

Daga nan sai abu ya yi ta gaba. A watan Nuwamba, 1955, kamfanin RCA ya saye yarjejeniyarsa a kan dala 40,000, kuɗin da ba a taɓa biya a kan mawaƙi irinsa ba. Shekarunsa ashirin, doka ba ta ɗauke shi baligi ba tukuna, sai ubansa ne ya sa hannu. A Janairu, 1956, waƙarsa Heartbreak Hotel ta fito ta game duniya. Ran 9 ga Satumba na shekaran nan mutum wajen miliyan 60 suka kalle shi a talabijin cikin shirin Ed Sullivan. Dattawa suka yi ca, wai rawarsa za ta lalata yara, har a Janairu, 1957, aka nuna shi daga ƙugu zuwa sama kaɗai. Can Ingila kuma, a birnin Libaful, wani ɗan makaranta mai suna John Lennon ya ji shi, ya ƙudura shi ma sai ya yi kiɗa, shi ne daga baya ya kafa ƙungiyar Beatles. Mai sauraro ya zama abin sauraro ke nan.

Amma fa akwai wata magana da ba ta kamata a binne ta ba. Kiɗan nan da aka kira rok-an-rol, baƙar fata sun daɗe suna yin irinsa ba a ba su ko rabin wannan daraja ba. Elvis da bakinsa ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa wurinsu ya koya, ya ambaci Crudup da suna. A Disamba, 1956, ya halarci bikin taimakon yara na gidan rediyon WDIA, aka ɗauke shi hoto da B. B. King, a garin da wariya ke da ƙarfi. Duk da haka Crudup ya ƙare rayuwarsa yana aikin gona, yana bin masu buga waƙoƙinsa bashin haƙƙinsa, ya rasu a 1974 bai sami abin kirki ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1957 Elvis ya sayi wani babban gida a Memfis mai suna Graceland, ya sa iyayensa ciki. A Maris, 1958, aka ɗauke shi soja. Ran 14 ga Agusta uwarsa ta rasu tana da shekara 46, Blackwood Brothers suka yi waƙa a jana'izarta. Waɗanda suka san shi sun ce bai ƙara komawa daidai ba. Aka kai shi Jamus, can ne aka koya masa shan ƙwayoyin hana barci. Ya fito a Maris, 1960, da igiyar saje.

Ƙarshensa

Manajansa, Kanar Tom Parker, mutum ne mai wayon kuɗi wanda kiɗa bai dame shi ba. Ya tura shi yin fim, har ya yi guda 31 a rayuwarsa, galibinsu labari ɗaya ne a ke canja wa riga. Shekara bakwai ya yi bai tsaya gaban jama'a ya yi waƙa ba. Daga 1967 Parker ya riƙa ɗaukar har rabin abin da ya ke samu a waɗansu harkoki. Ban da garuruwa uku na Kanada a 1957, Elvis bai taɓa yin wasa a wata ƙasa ba.

A Disamba, 1968, ya yi wani shiri a talabijin, ya zauna da tsofaffin makaɗansa suna irin kiɗan da suka fara da shi, mutane suka tuna ko shi wane ne. Daga 1969 ya koma dandali, ya yi wasa fiye da dubu cikin shekara takwas. Aurensa da Priscilla, wadda ta haifa masa 'ya guda, ya mutu a 1973. Ya kewaye kansa da 'yan amshin shata, ya mai da dare rana, ƙwaya don ya yi barci, ƙwaya don ya farka. A watanni takwas na farkon 1977 kaɗai likitansa ya rubuta masa magani fiye da ƙwaya 10,000. Ran 16 ga Agusta, 1977, aka same shi a mace a Graceland, yana da shekara 42. Mutum wajen 80,000 suka yi layi a titi ran jana'izarsa.

Abu guda ne bai rabu da shi ba. Ko a shekarun ƙarshe, in an tashi daga wasa, ya kan tara mawaƙansa gefen piyano su yi ta waƙoƙin coci har asuba, irin waɗanda ya ke ji a zauren Ellis yana yaro. Lambar Grammy uku ya ci a gasa duk rayuwarsa, dukansu kuwa a kan waƙoƙin coci ne.

Abin Lura Ga Malaman Gobe

To, jama'a, kun ji tarihin Elvis Presley. Ba mu kawo shi don a yi koyi da ƙarshensa ba, wannan abin tausayi ne da jan kunne. Ba mu kuma ce kowane yaro mai son kiɗa zai zama mawaƙi ba, dubbai sun saurari rediyon nan tare da shi, suka zama direbobi da akawuna, ba laifi. Abin da mu ke so a duba shi ne yadda ya yi karatunsa. Rashin samun waƙa a sauƙaƙe ya koya masa haƙurin jira, da harda, da tafiya neman abu da ƙafa. Waɗannan kuwa su ne halayen da kowane malami ke fata ya gani wajen ɗalibinsa. Yaron yana da su cif, sai dai a kan abin da ba ya cikin jarrabawa.

Nan ba da daɗewa ba za a tura ku koyarwar gwaji. A kowane aji za ku tarar da wani yaro a kujerar baya, makinsa tsaka-tsaki, ba ya magana. Wataƙila ya hardace waƙoƙi ɗari, ko ya san sunan kowane tsuntsu a dajin garinsu, ko yana iya kwance inji ya mayar. Makin da ya ci shi za ku ba shi, gaskiya ba ta son ragi. Amma kafin ku buɗe baki ku ce masa ba shi da baiwa, ku tambaye shi abin da ya ke yi in an tashi makaranta, ku kuma tsaya ku ji amsar.